Mainos, fawa da fakta: yadda za ka warware lissafi ba tare da alama ta ɓace maka ba

Kafin ka ci gaba da karatu, rubuta amsar wannan a takarda: −3². Idan 9 ka rubuta, ba kai kaɗai ba ne, amma amsar −9 ce. Kowa ya san 3 sau 3, don haka matsalar ba ta ninkawa ba ce. Abin da ya faru shi ne ba ka tsaya ka tambayi kanka ko alamar mainos ɗin nan ta wace ce ba. A ganina ta wannan ƙofar maki ya fi zubewa a aljabra, fiye da ta rashin haddace dokoki. Saboda haka duk abin da za mu yi a nan, daga tarawa har fitar da fakta, tambaya ɗaya za ta riƙa bin mu: wannan mainos ɗin, a kan me yake aiki, kuma ina ikonsa ya tsaya?

Lambobin da ke ƙasa da sifili

Ba yau aka fara kokawa da su ba. Kusan shekara 2000 da suka wuce masu lissafi a ƙasar Sin suna aiki da sanduna kala biyu, ja don fozitif, baƙi don negetif. A shekarar 628 Brahmagupta na Indiya ya rubuta dokokinsu, yana kiran ɗaya dukiya, ɗayar bashi. Amma har 1637 Descartes na Faransa yana kiran amsar ikweshan da ta fito negetif amsar ƙarya. To in manya sun yi ta ja da baya, babu abin kunya don ta ɗaure maka kai a farko.

Dabarar Brahmagupta har yanzu ita ta fi sauƙi wajen tarawa da ɗebewa. −7 + 10 na nufin ana bin ka 7, ka samu 10, ka biya, saura 3. −7 − 4 kuwa ana bin ka 7, ka ƙara cin bashin 4, ya zama −11. Nan ne wasu ke tuno "mainos da mainos fulos ne" su rubuta 11. Waccan magana ta ninkawa ce da rabawa, ba ruwanta da bashi biyu da suka taru a kan mutum ɗaya.

Sai ɗebe lamba negetif: 5 − (−3). Ɗebe bashi yafe shi ne, wanda aka yafe wa bashin 3 kuma ya ƙaru da 3. Don haka 5 − (−3) = 5 + 3 = 8, kuma −6 − (−9) = −6 + 9 = 3.

Idan layin ya yi tsawo, bi shi haka. Da farko gyara duk inda alamomi biyu suka haɗu ƙofa da ƙofa. Sannan tara masu fulos gefe guda, masu mainos gefe guda. A ƙarshe ɗebe ƙarami daga babba, ka ba amsar alamar ɓangaren da ya fi yawa. Misali, 12 − 20 + 7 − 3 − (−5) ya koma 12 − 20 + 7 − 3 + 5. Masu fulos: 12 + 7 + 5 = 24. Masu mainos: 20 + 3 = 23. Amsa 1.

Wajen ninkawa da rabawa, ajiye alamomi tukuna, ka yi aikin lambobin, sannan ka ƙirga mainos nawa ne. In adadinsu cika ne, wato 2, 4, 6, amsa fozitif. In mara ne, wato 1, 3, 5, amsa negetif. (−2) × (−3) × (−5): lambobin sun ba da 30, mainos uku ne, amsa −30. (−48) ÷ (−6) = 8.

Mai tambayar dalilin da ya sa mainos sau mainos ke ba da fulos yana da gaskiyarsa, ga kuma amsa. 3 × (−2) = −6, 2 × (−2) = −4, 1 × (−2) = −2, 0 × (−2) = 0. Kowane taki amsar tana hawa da 2. Taki na gaba, (−1) × (−2), ba shi da wurin sauka sai 2. Ba wani ne ya zauna ya ga dama ya kafa dokar ba; in ba a yi haka ba, sauran lissafin duka zai wargaje.

Fawa

Ƙaramar lambar da ke rataye a kafaɗar wata tana faɗin sau nawa za a jera babbar a ninka. 2⁵ shi ne 2 × 2 × 2 × 2 × 2 = 32, ba 2 × 5 ba.

Abin da ya kamata ka riƙe da kyau shi ne, fawa na aiki ne kawai a kan abin da take manne da shi. A (−3)² tana manne da baka, don haka duk abin da ke cikin bakan za a ninka: (−3) × (−3) = 9. A −3² tana manne da 3 kaɗai. A yi 3² tukuna, a samu 9, sannan mainos ya zo ya hau: −9. Haka (−2)³ = −8, (−2)⁴ = 16, amma −2⁴ = −16. Dokar cika da mara ce dai: (−1)¹⁰⁰ = 1, (−1)¹⁰¹ = −1.

Kada ka ba na'ura amana ido rufe a nan. In ka rubuta =-3^2 a Excel, 9 zai ba ka, domin shi yana fara manna mainos ga lambar kafin ya yi fawa. Python kuwa, wato harshen rubuta manhajar kwamfuta, in ka rubuta -3**2, −9 zai ba ka, kamar yadda ake yi a littafin lissafi. Maganin duka shi ne ka sa baka da hannunka, ka nuna wa na'urar abin da kake nufi. Kalkuletar kimiyya ma maɓallin mainos biyu gare ta, ɗaya na ɗebewa, ɗaya na sa wa lamba alama, kuma wasu kan ƙi aiki in ka sa ɗaya a wurin ɗaya.

Wannan ya fi cizo lokacin sa lamba a madadin harafi. An ce x = −3, a nemo 2x² − 5x + 1. Kafin komai, sake rubuta shi da baka fanko a duk inda x yake: 2( )² − 5( ) + 1. Yanzu zuba −3 a ciki: 2(−3)² − 5(−3) + 1 = 2(9) + 15 + 1 = 34. Wanda ya tsallake bakan yakan ƙare da −18 a farkon layi, daga nan komai ya lalace.

Dokokin fawa ba sai an haddace su kamar waƙa ba, domin in ka baje abin a fili za su fito da kansu. x³ × x⁴ jerin x uku ne da x huɗu, jimla bakwai, wato x⁷: a ninkawa ana tara fawa. x⁷ ÷ x⁴, huɗu na sama sun tafi da huɗu na ƙasa, saura x³: a rabawa ana ɗebewa. (x³)² shi ne x³ sau biyu, wato x⁶: fawa a kan fawa ana ninkawa. Sharaɗin biyun farko shi ne gindin, wato abin da fawar ke kansa, ya zama iri ɗaya, kuma gindin ba ya canjawa. 2³ × 2⁴ = 2⁷ = 128, ba 4⁷ ba. Babu kuma wata doka ta tarawa: 2³ + 2⁴ sai dai ka lissafa, 8 + 16 = 24.

Fawar sifili da fawa negetif suna fitowa daga matakala ɗaya. 2³ = 8, 2² = 4, 2¹ = 2. Duk saukar taki ɗaya, rabawa ce da 2. Ci gaba da sauka: 2⁰ = 1, 2⁻¹ = 1/2, 2⁻² = 1/4, 2⁻³ = 1/8. Lura da kyau, babu ko ɗaya a cikinsu da ta faɗa ƙasa da sifili. Mainos ɗin da ke kan fawa umarni ne na a kifar da lamba, sama ya koma ƙasa, ba ya taɓa alamar amsa. A (−2)⁻³ mainos biyu ne, kowane da aikinsa: na sama ya ce a kifar, 1/(−2)³, na cikin baka ya ba da −8, amsa −1/8.

Ga wanda ya haɗa su duka: (−2x²y)³ ÷ (4x⁴y⁵). Fawar 3 za ta shiga kan kowane abu da ke cikin baka, har da −2, wadda ita ce ake yawan mantawa: (−2)³ = −8, (x²)³ = x⁶, y³. Sama ya zama −8x⁶y³. Yanzu raba iri da iri: −8 ÷ 4 = −2, x⁶ ÷ x⁴ = x², y³ ÷ y⁵ = y⁻². Amsa −2x²/y². Don gwaji, sa x = 3, y = 2. Asalin tambayar ya ba da (−36)³ ÷ 10368, wato −46656 ÷ 10368 = −4.5. Amsarmu ta ba da −2(9)/4 = −4.5. Sun yi daidai. Kada ka yi irin wannan gwaji da 1, domin 1 ko wace fawa aka ɗora mata 1 ce, za ta rufa wa kuskurenka asiri.

Wannan shigar da fawa ke yi kan kowane abu a cikin baka na ninkawa ne kawai. In tarawa ce a ciki, ba ta yiwuwa: (3 + 4)² = 49, alhali 3² + 4² = 25. Daidai shi ne (a + b)² = a² + 2ab + b².

Wa ake fara yi

Baka, sai fawa, sai ninkawa da rabawa, sai tarawa da ɗebewa. Wanda ya haddace BODMAS, wato taƙaicen wannan jeri da Turanci, ya kiyaye: rabawa ba ta fi ninkawa girma ba, daga hagu zuwa dama ake bin su, don haka 24 ÷ 4 × 2 = 12. Gwada −2² + (−3)³ ÷ 9 − 4(1 − 6). Baka ta ba da −5. Fawa ta ba da −4 da −27. Rabawa da ninkawa: −27 ÷ 9 = −3, sannan −4 × −5 = 20. Saura −4 − 3 + 20 = 13.

Buɗe baka da warware ikweshan

Lambar da ke bakin baka tana shiga ne tare da alamarta, kuma sai ta gaisa da kowa a ciki. 7 − 2(x − 4): mai shiga −2 ce, ba 2 ba. −2 × x = −2x, −2 × −4 = 8. Ya zama 7 − 2x + 8 = 15 − 2x. Kurakurai biyu ne ke jira a nan: a fara ɗebe 2 daga 7 a rubuta 5(x − 4), ko a rubuta −8 a madadin 8.

A warware 3 − 2(x − 5) = 4x + 25. Buɗe baka: 3 − 2x + 10 = 4x + 25, wato 13 − 2x = 4x + 25. Ɗebe 4x daga ɓangarorin biyu: 13 − 6x = 25. Ɗebe 13: −6x = 12. Raba da −6: x = −2. Mayar da ita gida: hagu 3 − 2(−7) = 17, dama 4(−2) + 25 = 17.

Ana yawan koyar da cewa lamba "ta tsallaka ta canja alama". Gajeriyar hanya ce, amma ban cika son ta ba, domin ita ke sa ɗalibi ya ga −6x = 12 ya tsallakar da −6 ta koma 6. Wannan −6 ninkawa take yi, maganinta rabawa da −6 ɗin kanta, alamarta na nan. Wuri ɗaya da rabawa da negetif ke juya wani abu shi ne inda ake da alamar "ya fi" ko "bai kai ba": −2x < 6 ya koma x > −3.

Fitar da fakta

Buɗe baka ne a juye. An ba ka abin da aka riga aka ninka, ana so ka gano su wa aka ninka. Tun da haka ne, kullum kana da hanyar sanin ko ka yi daidai: ninka amsarka ka ga ko ta dawo da tambayar.

Matakin farko, ko da yaushe, shi ne duba abin da kowa ya yi tarayya a kai. 12x³ − 18x²: babbar lambar da ke raba 12 da 18 ita ce 6, ƙaramar fawar x kuma x². Ya zama 6x²(2x − 3). Idan na farkon negetif ne, fitar da mainos ɗin tare, ka juya alamar kowa a ciki: −3x² + 12x = −3x(x − 4).

In abu biyu ne suka rage, kowane sikwaya, wato abin da aka ninka da kansa, da mainos a tsakani, to a² − b² = (a − b)(a + b). Don haka 9x² − 25 = (3x − 5)(3x + 5). Wani lokaci sai an yi sau biyu: x⁴ − 16 = (x² − 4)(x² + 4) = (x − 2)(x + 2)(x² + 4). Shi x² + 4 a bar shi haka, fulos ne a tsakani, ba ya fashewa a lambobin da muke aiki da su. Wannan dabara tana da amfani ko a lissafin ka: 51 × 49 = 50² − 1 = 2499.

In abu uku ne, irin x² + bx + c, ana neman lambobi biyu da in an ninka su a samu c, in an tara su a samu b. Kafin ka fara lalube, karanta alamomin, za su rage maka rabin aiki. Idan c fozitif ce, lambobin biyu alamarsu ɗaya, kuma irin ta b ce. Idan c negetif ce, alamarsu ta bambanta, wadda ta fi girma ita ke ɗaukar alamar b. x² − 7x + 12: c fozitif, b negetif, duka biyun negetif ne, −3 da −4 sun ninka 12, sun tara −7, amsa (x − 3)(x − 4). x² − 2x − 15: alama daban-daban, babbar ce mai mainos; −5 da 3, amsa (x − 5)(x + 3).

Inda ake gumi shi ne idan akwai lamba a gaban x². Ɗauki 6x² − 7x − 3. Ninka ta farko da ta ƙarshe: 6 × (−3) = −18. Nemo biyu da suka ninka −18, suka tara −7. Jera ma'auratan 18: 1 da 18, 2 da 9, 3 da 6. Tunda alamarsu daban ce, bambancinsu ne zai zama 7, wato 2 da 9, babbar kuma mai mainos: −9 da 2. Fasa na tsakiya da su: 6x² − 9x + 2x − 3. Ɗauke su bibbiyu: 3x(2x − 3) + 1(2x − 3). Bakan biyu sun zo iri ɗaya, alamar kana kan hanya ke nan. Amsa (3x + 1)(2x − 3).

Ga wanda mainos ke yi wa mutane ƙafar ungulu: 2x² − 11x + 12. Ninki 24, tara −11, wato −8 da −3. 2x² − 8x − 3x + 12. Biyun farko sun ba da 2x(x − 4). Biyun ƙarshe, −3x + 12, dole −3 za ka fitar, ba 3 ba, kuma 12 ÷ (−3) = −4, sai ya zama −3(x − 4). Amsa (2x − 3)(x − 4). Duk lokacin da ka ga baka ɗaya (x − 4), ɗayar (−x + 4) ko (x + 4), koma ka duba alamar abin da ka fitar.

Ba kowanne ke fashewa da cikakkun lambobi ba, kuma ɓata lokaci ne ka yi ta neman abin da babu. A ax² + bx + c, lissafa b² − 4ac. In ta fito cikakkiyar sikwaya, irin 1, 4, 9, 16, 25, akwai fakta. A 6x² − 7x − 3: (−7)² − 4(6)(−3) = 49 + 72 = 121, wato 11². A x² + 3x − 5: 9 + 20 = 29, ba sikwaya ba ce, sai a koma ga fomula, x = (−b ± √(b² − 4ac)) / 2a. Nan ma sa b a baka; in b = −7 ce, −b ta zama 7.

Daga fakta zuwa amsa

Amfanin fakta wajen warware ikweshan ya rataya ne a kan abu ɗaya: in ninkin abu biyu ya ba da sifili, dole ɗayansu sifili ne. Sifili kaɗai ke da wannan hali. In an ba ka (x − 2)(x − 3) = 6, ba za ka ce x − 2 = 6 ba; hakan zai ba ka 8, kuma 6 × 5 talatin ne. Buɗe, ka kwashe komai gefe guda: x² − 5x + 6 − 6 = 0, wato x² − 5x = 0, wato x(x − 5) = 0. Amsa 0 ko 5. Wanda ya ga x² = 5x ya raba ɓangarorin da x zai samu 5 kaɗai, ya jefar da sifili bai sani ba.

Haka wajen rage lamba bisa lamba, fakta ake sokewa, ba abin da aka tara ba. (x² − 9)/(x² − x − 6): kada ka soke x² da x². Sama (x − 3)(x + 3), ƙasa (x − 3)(x + 2). Yanzu (x − 3) ta tafi, saura (x + 3)/(x + 2), da sharaɗin x ba 3 ba ce, ba kuma −2 ba, domin su ke mayar da ƙasan sifili.

Akwai wata tambaya da Al-Khwarizmi ya warware a Bagadaza wajen shekarar 820, a littafinsa na aljabra: x² + 10x = 39. Da kalmomi da zane ya yi ta, ba da haruffa ba. Ya ɗauki rabin 10, wato 5, ya ninka ta da kanta ya samu 25, ya ƙara a kan 39 ya zama 64, ya ɗauki tushenta 8, ya ɗebe 5, ya samu 3. A nan ya tsaya, domin tsawon gefen zane ba ya zama ƙasa da sifili. Mu yi ta da fakta: x² + 10x − 39 = 0, biyu da suka ninka −39 suka tara 10 su ne 13 da −3, wato (x + 13)(x − 3) = 0. Ga 3 ɗinsa, ga kuma −13. Gwada ta: (−13)² + 10(−13) = 169 − 130 = 39. Hanyarsa ma tana kai wa gare ta, in an tuna cewa −8 sau −8 shi ma 64 ne: −8 − 5 = −13. Ko za ka riƙe amsar negetif ko ka ajiye ta, tambayar ce ke yanke hukunci. In tsawo ake nema ko yawan mutane, ajiye ta, amma ka rubuta dalili. In x kawai aka ce, duka biyun amsa ne.

Ɗaya na ƙarshe, daga farko har gwaji: 2x³ − 2x² − 24x = 0. Abin tarayya 2x ne: 2x(x² − x − 12) = 0. Cikin baka, ninki −12, tara −1, babbar mai mainos: −4 da 3. Ya zama 2x(x − 4)(x + 3) = 0, don haka x = 0, ko 4, ko −3. Lura cewa (x + 3) ita ke ba da −3, (x − 4) ta ba da 4. Gwada wadda ta fi haɗari, −3, kowace a cikin bakanta: 2(−3)³ − 2(−3)² − 24(−3) = 2(−27) − 2(9) + 72 = −54 − 18 + 72 = 0.